Moton Wahabu a Layin Bido

Shekara shida ke nan makullin pampon garinmu yana ɗaure a haɓar zanena. Ranar da mutanen furoje, masu aikin taimakon karkara, suka kafa farantan sola takwas, suka haɗa su da injin da ke jawo ruwa daga ƙasa, sun tambayi matan gari wa za a ba makulli, aka ce Hinda. Ba don ana ƙaunata ba ne. An dai san ko uwata ce ta dawo duniya da bido, jarkar ɗibar ruwa, a hannu, sai ta bi layi. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai bar min shanu ba, gonar ma ba ta kai a yi maganarta ba. Makullin nan ne ya sa idan na taho maza ke janye ƙafa daga hanya. Shi ne kuma ƙanin mijina Abdulwahabu ya dawo daga Kwatano ya ce zai raba ni da shi.

Shekararsa uku can yana kabu-kabu. Ya sauka da bazara daga saman babbar mota, da wani koren moto mai ƙafa biyu wanda ba ya shan mai, wuta yake sha kamar waya. Moton ba ya ƙara ko kaɗan. Wahabu ya zagaya gari sau uku yana jiran mutane su fito kallo, ko kaza ba ta matsa ba. A zagaye na huɗu sai da ya buɗe baki da kansa yana cewa, "Jama'a, ga ni fa!"

Da yamma ya zauna a dandali ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Ku kuna nan kuna shaƙar hayaƙi, duniya ta wuce ku. A birni kowace kwana akwai istasiyo ta caji. Ka soka waya, ka sha shayi, ka tashi. Irin wannan moto ko lanho, wato haraji, ba a karɓa a kansa. Wurin ajiya kyauta. Cajin farko kyauta. Lallashin mutane ake yi su saya, shi ne ake kira ƙarfafa gwiwa. Ni da kuke gani sai da babban direkta ya riƙe min hannu yana godiya."

Wani ya ce, "To nan a ina za ka soka?"

"Wannan ƙaramar magana ce."

A goshin moton akwai wasu idanu biyar masu haske. Idan ya ƙoshi duk a buɗe suke. Kwana uku da zuwansa duk suka rufe, garinmu kuwa babu kuran, wato wutar lantarki. Mai cajin waya na bakin masallaci ya ga girman batirin ya rufe shagonsa ya tafi gona. A ranar na ga Wahabu tsaye bakin pampo ya rungume hannu yana kallon farantan sola, irin kallon da ake yi wa naman da ba a gayyace ka ba.

Washegari aka aiko Maigari Adamu yana kirana. Na tarar da zaure cike da maza, Wahabu a tsakiya da wani akwatin ƙarfe mai wayoyi a gabansa. Na durƙusa na gaida Maigari.

Maigari ya ce, "Hinda, ƙaninki ya zo da magana. Ya ce pampo zai zama istasiyo irin ta birni, shi zai zama direkta, makulli ya koma hannunsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, moto nawa ne irin nasa a garin nan?"

Wahabu ya ce, "Yau ɗaya, Yaya Hinda. Gobe ɗari. Daga Dogo-Dogo za a zo, daga Yekuwa za a zo. Wuri irin wannan ba aikin mace ba ne mai ƙulla makulli a zane kamar goro."

"Wahabu, ni na wanke maka gyambo kana ɗan tsirara. Rage murya."

Maza suka yi dariya. Amma na lura idon Maigari yana kan moton da aka jingine a ƙofar zaure. Tsoho ne mai son a gan shi a kan sabon abu. Ya yi gyaran murya ya ce ga hukuncinsa: kwana bakwai ya rage kasuwar Dungas ta ci. Idan Wahabu ya cika motonsa da wutar pampo, ya goya shi Maigari a kai, ya kai shi Dungas ranar kasuwa ya dawo da shi kafin la'asar, makulli ya zama nasa.

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Sai dai wuta ɗaya ce. In moto na sha, pampo ya tsaya. To moto ya bi layi kamar kowane bido. In layi ya zo kansa, ya sha gwargwadon lokacin da bido ɗaya ke cika, ya koma baya."

Na faɗi haka ne ina jiran ya taya, in sauko kaɗan, ya hau kaɗan, mu haɗu a tsakiya kamar mutanen kirki. Har na shirya inda zan tsaya. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na yarda. A birni ma layi ake bi, mu mun waye."

Ko tambayar minti nawa bido ke yi bai yi ba. Namijin da bai taɓa ɗebo ruwa ba ina zai sani? Maigari ya ce kowa ya shaida, babu mai tsallake layi ko wane ne shi. Aka shafa fatiha. Wahabu ya kira mai gyara daga Magarya ya haɗa akwatin a cikin ɗakin inji, ya sa wani mariƙi: ka ɗaga sama ruwa ya zo, ka danna ƙasa moto ya sha. Ɗakin kuwa ni ke buɗe shi.

Ga wanda bai san layin pampo ba, mutum ba ya tsayawa a rana. Bidonsa ne ke tsaya masa. Tun asuba mata ke jera su, rawaya bayan rawaya, kowace ta san nata da tsumman da ta ɗaura a hannunsa, su kuma su koma gindin gawo su zauna. In na gaba ya cika, mai shi ta ɗauke, a shuri na baya su matsa.

Wahabu ya iso da hantsi, da baƙin tabarau da hular kwano, yana turo moto. Layi ya riga ya kai gindin gawo ya lanƙwasa. Maƙwabciyata Zahara'u, mai ƙuli-ƙuli, mace mai jiki da baki, ta nuna masa bayan bidonta na ƙarshe.

"Nan ne wurinka, Direkta. Ka ɗaura masa tsumma kar a ɗauke shi a kuskure."

Bido ana shurinsa da ƙafa, moto sai an tura. Duk sanda layi ya motsa, sai Wahabu ya tashi daga inuwa ya ɗage jiki ya tura taki ɗaya ya dawo. Kafin ya zauna an sake motsawa. Daga baya ya haƙura da inuwar ya tsaya a rana tare da bido. Maza masu wucewa gona suna yi masa sannu da aiki.

Rana ta kusa tsaka layi ya zo kansa. Ya soka waya, ya gyara tsayuwa, ya ce a kawo masa shayi. Na danna mariƙi, pampo ya yi shiru, na ciro carbina. Bido ɗaya zagayen carbi ɗaya ne, shekara shida ina aunawa. Na ja istigfari ɗari ba ɗaya, na ɗaga mariƙi.

"Yaya, me ya faru?"

"Ya ƙoshi. Na gaba!"

"Ko ido ɗaya bai buɗe ba! Awa huɗu yake so!"

"To ka ji. Bido ba ya awa huɗu."

"Sauri kika yi! Wa ke neman gafara da gudu haka?"

"Mai zunubi kaɗan. Koma baya, Wahabu."

Ya koma baya. Ranar sau uku layi ya zo kansa, sau uku na ja carbi. Da la'asar ya tura motonsa gida kamar yadda ya turo shi.

Kwana na biyu ya zo da dabara. Ya jawo turmin wata ya kifa ya hau kai.

"Matan gari! Yau za ku ga yadda ake yi a birni. Ƙarfafa gwiwa! Duk wadda ta ba motona layinta ta koma baya, in ruwanta ya cika ni zan kai mata har ƙofar ɗaki. Kyauta!"

Wata ta fara miƙewa za ta ce ta yarda. Ni ban koya wa kowa komai ba, Allah ya gani. Tari ne kawai ya kama ni. Ta koma ta zauna.

Zahara'u ta ce, "Layin bido ɗaya, ka kai uku."

"Ɗaya dai."

"Uku, da gyaɗata wurin niƙa."

"Biyu."

Na sake yin tari.

"Uku da gyaɗa, Direkta, ko ka ci gaba da shan carbi ɗaya-ɗaya."

Ya ce ya yarda, a birni ma haka manyan kamfani ke yi, da asara ake farawa.

Mata ashirin suka ba shi layi a jere. Na ja carbi har yatsana ya yi zafi. Ido ɗaya ya buɗe. Wahabu ya yi kabbara, ya kira maza su zo su gani. Sannan ruwan mata ya cika, aka ɗaura masa bido huɗu, biyu a gefe, biyu a baya, ya kai ya dawo, ya kai ya dawo. Rairayin garinmu ba kwaltar Kwatano ba ne. Kafin ya gama kai na mace ta goma sha biyu idon ya rufe. Sauran a kafaɗa ya kai su, don alkawari a gaban mutane aka yi shi.

Kwana na uku labari ya kai ƙauyukan hanyar Yekuwa. Matan da tun kakanninsu rijiya suke ja suka taho da bido babu komai a ciki, marar nauyi, suna rangwaɗa. Su ba da layi, su zauna gindin gawo a yi musu kitso, su koma gida hannu sake, ruwa ya same su can. Wata ma daga rugar da ko jaki ba ya son zuwa ta fito. Wahabu ya tambaye ta ina ne gidanta, ta nuna gabas da haɓa ta ce nan kusa ne. Sai bayan azahar ya dawo, ƙaya ta cika masa wando.

A ranar ne ya je wurin matarsa Nafi, wadda ke da bido biyar a layi.

"Nafi, ke ai ba sai mun yi ciniki ba."

"Don me?"

"Ke matata ce."

"A gida. Nan layi ne. Ruwa biyar, da itacen da na tara a bayan gona, da kai ni awo gidan likita ranar Laraba."

"Ni da ke kuma?"

"Shekara uku kana Kwatano wa ya ɗebo min? Ka ga Yaya Hinda ta fara tari, ka yi sauri kafin in ƙara."

Haka aka yi ta yi. Ido ya buɗe da hantsi, ya rufe da azahar. Ya sake buɗewa, ya sake rufewa. Matan garinmu ba su taɓa hutawa irin na satin nan ba, wuyan kowa ya saki. Tabarau ya faɗi a hanya bido ya taka shi. Hular kwano Nafi ta mayar da ita mazubin tsaba. A dandali aka daina ce masa Direkta, sai in ya gifta da bido huɗu a ɗaga murya a ce, "Ga-ruwa, nan ma!" Shi kuwa bakinsa bai mutu ba. Ya ce wannan shi ake kira gwaji, a birni ma wata shida ake yi ana gwaji.

Kwana na shida, gobe kasuwa, ko ido ɗaya babu. Ya zo tun layi bai yi nisa ba, ya sake hawa turmi. Muryarsa ta dushe.

"Yau babu kai ruwa. Yau babbar ƙarfafa gwiwa ce, irin wadda ba a yi sai sau ɗaya. Duk wadda ta ba ni layinta na yau gaba ɗaya, gobe a kan moton nan za ta je kasuwar Dungas, ita da kayanta!"

Na yi tari. Na sake yi har ƙirjina ya yi zafi. Babu wadda ta waiwayo. Tafiyar Dungas a ƙasa da kaya a ka ba wasa ba ce, amalanke kuma sai ka roƙi mai shi. Mata arba'in suka janye bido a lokaci ɗaya, har da Hajiya Rukaiya matar Maigari, wadda ita ce ma ta fara. Suka ce yau a sha na randa. Na danna mariƙi na zauna ina jan carbi, bido ɗari da wani abu, ina ji kamar kabarina nake haƙa da yatsa.

Da azahar Hammadu makiyayi ya iso da shanunsa, don lokacin kwamin dabbobi ke nan kullum. Ya leƙa kwami ya gan shi a bushe. Shanu suka kewaye moton suna hura masa hanci. Raina ya ɗan yi sanyi, na ce ga mai cetona.

"Inna Hinda, ina ruwa?"

"Tambayi Direkta."

Wahabu ya fara yi masa bayanin birni. Hammadu ya saurara da sanda a wuya har ya gama, ya ce, "Ni na gane. Amma waccan farar ba ta je Kwatano ba, ita za ka yi wa bayani."

Farar saniyar ta riga ta fara lasar kujerar moton. Wahabu ya kama hannun Hammadu ya ja shi gefe. Ban ji me suka ce ba, sai dai na ga Hammadu ya kaɗa shanunsa ya nufi tsohuwar rijiya. Da zai wuce ya ce min, "Ki yi haƙuri, Inna. Ina da rago da zai je kasuwa gobe, kuma ƙafarsa ɗaya ba ta da lafiya."

Kafin la'asar idanu biyar suka buɗe tar. Wahabu ya tsaya a gabana ya miƙo tafin hannu.

"Yaya, ki wanke makullin da sabulu. Ba na son warin daddawa a ofis."

Na rufe ɗaki na tafi gida. Na ɗora tuwo na sauke, ban iya kai loma ba. Na yi ta tunanin jibi, ni Hinda in jera bido in zauna gindin gawo ina jiran Wahabu ya ce min na gaba.

Da safe na fito zan buɗe pampo, sai na tarar da wani layi wanda ba na bido ba. Daga ƙofar ɗakin inji har bayan gawo, kwando bayan kwando, ƙullin wake, tulin tabarmi, kaji a ɗaure, ƙwaryar nono, ragon Hammadu a matsayi na biyu yana tauna igiya. Mata arba'in sun ci ado sun zauna a inuwa, kowace ta san kayanta. Yadda suka ba da layi jiya, haka suka jera yau.

Wahabu ya fito da moton a wanke yana ƙyalli. Da ya ga layin sai ya rage tafiya. Can kuma ga Maigari ya taho da babbar riga mai aiki, da rawani, da turare, dattawa biyu a bayansa.

Wahabu ya yi maza ya share kujera da hannun riga. "Bismilla, ranka ya daɗe. Mu je mu dawo, sannan a ji da mata."

Maigari ya ɗaga ƙafa ke nan Zahara'u ta ce, "Allah ya ja zamanin Maigari. Ina kayanka a layi?"

Ƙafar ta tsaya a sama.

"Wane layi?"

"Na moto. Mu jiya muka ba da ruwanmu, muka kwana da ƙishi. Ranka ya daɗe bido nawa ka bayar?"

Wahabu ya ce, "Ke Zahara'u, Maigari ne fa!"

"Na gan shi. Da bakinsa ya ce babu mai tsallake layi ko wane ne shi. Ko ba haka aka shafa fatiha ba, Hinda?"

Na ce, "Ni mai makulli ce kawai. Amma haka na ji."

Maigari ya waiwaya yana neman wanda zai taimake shi, idonsa ya faɗa kan matarsa. Hajiya Rukaiya ta miƙe ta gyara mayafi ta ɗauki ƙullinta.

"Malam, ni ce ta farko. Matsa kar rigarka ta kama ƙafar moto. In ka ajiye takalminka bayan tabarmin can, babu mai taɓa maka."

Maigari ya sauke ƙafa. Ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa. Aka shimfiɗa masa buzu a gindin gawo, ya zauna a tsakiyar mata da kaji, ya ce wa Wahabu, "Yi sauri."

Sauri da Hajiya Rukaiya? Dattijuwa ce mai zumunci. Daga baya muka ji a ƙauyen farko ta ce a tsaya, an yi rasuwa wata biyu da suka wuce ba ta samu zuwa ba, ba za ta wuce ƙofar gida a kan moto a ce ta yi girman kai ba. A na biyu an yi haihuwa. A na uku babu abin da aka yi, amma ƙawarta na can, kuma an dama fura. Wahabu yana waje yana kallon rana. Sai da rana ta take tsaka ya dawo, idanu uku a buɗe.

Bai sauka ba ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu kam..."

Hammadu ya riga ya ɗago rago ya ɗora masa a cinya, shi ma ya haye baya da sandarsa. "Ka bi a hankali, ba ya son girgiza."

Suka tafi. Aka kira azahar, Maigari ya yi salla a kan buzunsa. Rawanin ya fara kwancewa, wata kaza ta kwanta a kan takalminsa. Matan da ke can baya sun fara gane yau ba su ba kasuwa, nono ya fara tsami, maganganu suka fara tashi. Da Wahabu ya dawo, ido ɗaya ne ya rage, yana ƙiftawa, gaban rigarsa kuma duk aikin rago.

Zahara'u ce ta uku. Kwando biyu na ƙuli-ƙuli, galan na man gyaɗa, da ita kanta. Da ta zauna sai da moton ya yi ƙasa.

"Zahara'u, don girman Allah ki bari in kai Maigari. Sati mai zuwa sau biyu zan kai ki."

"Ja mu je, Direkta."

Suka tashi a hankali. Muna kallonsu suka wuce masussuka, suka fara hawa tudun rairayin da ke bakin gari. A tsakiyar tudun moton ya tsaya. Babu ƙara, babu hayaƙi, ya dai tsaya kamar ya tuna wani abu. Muka ga Wahabu ya sauka yana magana da hannu. Zahara'u ba ta motsa ba. Muryarta har gindin gawo.

"Ba na sauka! A kan moto ka ce za ka kai ni, ba ka ce a kan wuta ba! Ko gaba ko baya, amma ƙafata ba ta taɓa ƙasa!"

Dungas da nisa, pampo kusa. Ya juya kan moton ya fara turowa. Zahara'u na zaune a sama ta rungume kwando, tana gaida mutanen da suka fito kallo ɗaya bayan ɗaya, tana tambayarsu ya gida ya yara. Wannan karon gari kaf ya fito, ba sai da ya kira kowa ba. Yana isowa bakin pampo, gumi har cikin takalmi, ladan ya kira la'asar.

Ya dube ni yana haki. "Yaya, danna mariƙi. Carbi goma kawai."

Na nuna masa bido da suka taru tun safe. "Ka san inda baya yake."

Maigari ya miƙe, ya kori kazar, ya sa takalmi, ya kaɗe riga. Bai ɗaga murya ba.

"Makulli yana wurin Hinda. Kai kuma Abdulwahabu, alkawarin da ka yi wa matan nan a gaban jama'a sai ka cika shi. Duk ranar kasuwa ka kai su bi da bi har su ƙare. In sun ƙare ka zo ka same ni, ni ne na ƙarshe."

Mata suka yi guɗa, har da waɗanda nononsu ya lalace.

Bayan magariba ina tsakar gida ina cin tuwon jiya da na ɗumama, sai ga sallama a hankali. Wahabu ne. Ya tsuguna nesa da tabarma kamar mai zuwa biko.

"Yaya Hinda, taimako na zo nema."

"Caji sai gobe, kuma da layi."

"Ba shi ba ne. So nake ki hana ni."

"In hana ka me?"

"Cajin. Ki fito gobe ki ce kin haramta wa moto wutar pampo har abada. Ke in kin faɗa babu mai musu. In babu wuta babu kai kowa kasuwa. Yaya, bayana ya ƙare. Ko ruku'u ban iya ba yau."

Na suɗe hannu na dube shi. "Wato in ɗauki baƙin jinin mata arba'in a kaina don bayanka ya huta. A kyauta?"

"Ke fa yayata ce."

"A zaure ba ka tuna ba. Kullum da safe za ka wanke farantan sola takwas."

"Sau biyu a sati."

"Kullum. Ka yi musu shingen ƙaya saboda awaki. Rufin ɗakina kuma yana zuba, damina ta kusa."

"Rufin ɗaki ai ba na pampo ba ne!"

"Gyara ne. Ka taɓa ganin na yi ciniki ban karɓi gyara ba?"

Muka ja, muka ja. Na sauko masa a kan ranar Juma'a, ya huta da wanki. Na sa ya kira maƙwabta biyu suka shaida, don ni ba na ciniki a ɓoye.

Da safe, layi ya cika, na tsaya a ƙofar ɗakin inji na ce daga yau moto ba ya ƙara shan wutar pampo, wanda bai ji daɗi ba ya je ya gaya wa Maigari. Na cika alkawarina, kalma ɗaya ban rage ba. Wahabu yana saman tsani da tsumma yana goge faranti, na ga har ya fara murmushi.

Sai Zahara'u ta shuri bidonta gaba ta ce, "To sai me? Hukuncin Maigari a kai mu ne a kan moto. Ni na hau shi da wuta, na hau shi babu wuta. Wallahi na turin ya fi daɗi, ko girgiza babu."

Tsumman ya faɗo daga saman tsani.

"Yaya! Ki yi magana!"

Na ce, "Wuta ka ce in hana, na hana. Turi ba a ɗakina yake ba."

Mata talatin da tara suka rage, don Zahara'u ta ce nata bai shiga lissafi ba tunda ba ta isa ba. Kasuwar Dungas kuwa sau ɗaya take ci a sati.